Mayeloma: Ciwon dajin ɓargo da ke fakewa da ciwon baya yana lalata ƙoda

A Dakata da Kawaji da Yankaba, unguwannin da ke maƙwabtaka da rukunin masana'antu na Bompai a birnin Kano, ciwon baya ba baƙon abu ba ne. Leburan da ya yini yana loda buhuna, da ma'aikacin da ya shafe awanni a tsaye gaban inji, da direban babbar mota, duk sukan biya ta kemis da yamma su karɓi haɗin maganin gajiya, su kora da ruwa, gobe su koma bakin aiki. Ga mafi yawansu gajiya ce kawai, kuma takan wuce. Amma ga wasu 'yan kaɗan, musamman waɗanda suka haura shekara 50, ciwon bayan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa yana iya zama alamar farko ta wani ciwon daji na ɓargo da likitoci ke kira mayeloma. A wajen irin waɗannan mutane, ƙwayar da ake sha domin rage raɗaɗi tana iya ƙarasa ƙodar da ciwon ya riga ya fara ci.

Mayeloma ba ya cikin cututtukan dajin da aka fi gani. Bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na dukkan ciwon daji ba, kuma kusan kashi 10 cikin 100 ne na cututtukan dajin jini. Sai dai ɓarnar da yake yi wa ƙoda ta fi yawansa girma. Aƙalla mutum ɗaya cikin biyar na masu ciwon, ƙodarsa ta riga ta taɓu a ranar da aka gano shi, kuma kusan rabinsu za su gamu da matsalar ƙoda a tsawon jinya. Abin lura shi ne, wannan na cikin 'yan tsirarun nau'o'in ciwon ƙoda mai tsanani da kan iya warwarewa, har mutum ya rabu da injin wankin ƙoda, idan an gano musabbabinsa cikin lokaci.

Mene ne mayeloma?

A cikin ɓargon ƙashi ake ƙera ƙwayoyin jini. Daga cikinsu akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin filasma, aikinsu shi ne samar da furotin ɗin garkuwa da ke yaƙar cututtuka. A jikin mai lafiya akwai dubban nau'o'insu, kowanne da irin cutar da ya ƙware a kanta. Mayeloma yana farawa ne lokacin da ƙwaya guda ta gurɓace ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. 'Ya'yanta sukan cika ɓargo, su danne sauran ƙwayoyin jini, su riƙa zubar da furotin iri ɗaya tak mai yawan gaske wanda ba ya amfanar jiki da komai.

Daga nan ne alamomi huɗu da likitoci ke nema suke tasowa. Ƙashi yakan zaizaye, ya yi ramuka, ya riƙa ciwo ko ya karye ba tare da wani babban dalili ba, galibi a gadon baya da haƙarƙari da ƙugu. Sinadarin kalsiyam da ke fita daga ƙashin yakan taru a jini. Jini yakan ƙaranta, mutum ya riƙa kasala da haki. Ta huɗu ita ce gazawar ƙoda. Bayan waɗannan, garkuwar jiki takan yi rauni, shi ya sa mai ciwon ke yawan kamuwa da cututtuka irin su namoniya.

Alaƙar ciwon da fitsari daɗaɗɗiya ce a tarihin likitanci. A 1845, wani likita a birnin Landan mai suna William Macintyre ya lura cewa fitsarin wani ɗan kasuwa da ke fama da ciwon ƙashi yakan yi guda-guda idan aka ɗumama shi, ya narke idan ya tafasa, sannan ya sake daskarewa idan ya huce. An aika fitsarin ga Henry Bence Jones, wanda ya yi nazarinsa ya wallafa bayaninsa, kuma har yau da sunansa ake kiran wannan furotin. Sai a 1962 aka tabbatar da ainihinsa: wani ɓangare ne na furotin ɗin garkuwa. Kowane furotin na garkuwa yana da sarƙoƙi huɗu, manya biyu da ƙanana biyu, kuma ƙananan ne ke kuɓucewa su bi jini su isa ƙoda.

Ciwon ya fi kama waɗanda suka manyanta, kuma maza sun ɗan fi mata kamuwa da shi. A Amurka, baƙar fata sun ninka farar fata kusan sau biyu wajen samun sa. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan magidanta a Gana ya gano cewa matakin da ke gabatar ciwon, wato lokacin da furotin ɗin ya bayyana a jini ba tare da wata alama ba, shi ma ya kusa ninka na fararen fata na Amurka. Wannan mataki yakan rikiɗe ya zama ciwon daji ga kusan mutum ɗaya cikin 100 a kowace shekara. Ke nan mutanen Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda ciwon ya fi shafa, ko da yake ƙarancin kayan gwaji ya sa ba a cika gano shi ba.

Yadda yake kai wa ƙoda hari

Kowace ƙoda tana da 'yan matatu kusan miliyan ɗaya. Kowace matata tana da rariya da ke tace jini, da siririn bututu da ke mayar wa jiki abin da yake buƙata ya bar sauran ya fita a fitsari. A kowace rana ƙodoji biyu sukan tace ruwa kusan lita 180, amma abin da ke fita bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba.

Jikin mai lafiya ma yana samar da ƙananan sarƙoƙin nan, kusan rabin giram a rana. Saboda ƙanƙantarsu sukan wuce ta rariya, sai farkon bututun ya tsotse su ya narkar. A jikin mai mayeloma adadin yakan ninka sau ɗaruruwa, har ya fi ƙarfin bututun. Rarar takan gangara zuwa ƙarshen bututu, inda take haɗuwa da wani furotin da ƙoda da kanta ke fitarwa, su cakuɗe su daskare kamar siminti a cikin magudanar ruwa. Bututun yakan toshe, ya kumbura, kuma idan toshewar ta daɗe sai wurin ya zama tabo. Matatar da ta zama tabo ba ta sake aiki har abada. Wannan toshewa ita ce babbar hanyar da mayeloma ke kashe ƙoda cikin kwanaki ko makonni.

Akwai wasu hanyoyin. Wani lokaci sarƙoƙin sukan canza siffa su zama zare-zare da ake kira amiloyid, su kwanta a kan rariyar ƙoda, kuma sukan taɓa zuciya da jijiyoyi. Mai wannan nau'i fitsarinsa yakan yi kumfa sosai, ƙafafunsa da fuskarsa su kumbura. Wani lokaci kuma sukan lalata farkon bututun, har sukari da gishirin jiki su riƙa zuba a fitsari alhali mutum ba shi da ciwon suga. Sannan ga kalsiyam: idan ya yi yawa a jini yakan matse jijiyoyin ƙoda, ya sa yawan fitsari da ƙishirwa da amai da taurin bayan gida, jiki ya bushe, wanda hakan ke ƙara wa toshewar gudu.

Abubuwan da ke ingiza ƙoda ta faɗi

Sau da yawa ƙodar mai mayeloma tana lallaɓawa har sai wani abu ya ingiza ta. Na farko shi ne rashin ruwa a jiki. Idan fitsari ya yi kauri, sarƙoƙin sun fi saurin daskarewa. A Kano, inda zafi kan kai ko ya haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, wanda ke aikin ƙarfi a ƙarƙashin rufin kwano yana zubar da ruwa mai yawa ta gumi. Gudawa da amai da zazzaɓin cizon sauro su ma haka suke yi.

Na biyu shi ne magungunan kashe ciwo na dangin ibufurofen da daikulofenak da Feldene, waɗanda su ne ginshiƙin haɗin da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba. Sukan rage jinin da ke shiga ƙoda. Mai lafiya yakan jure hakan na ɗan lokaci, amma ga mai mayeloma shan su na 'yan kwanaki yana iya kai shi ga wankin ƙoda. Abin takaicin shi ne ciwon ƙashin da cutar ke haddasawa shi ke tura mutum ga waɗannan ƙwayoyi.

Sauran sun haɗa da allurar jentamaisin da danginta, da maganin sa fitsari irin Lasix idan aka sha shi barkatai domin kumburi, da ruwan rinin da ake ɗura wa mutum ta jijiya kafin wasu hotunan sikanin. Jiƙe-jiƙen gargajiya da ba a san abin da ke cikinsu ba su ma ƙarin nauyi ne a kan ƙodar da ta galabaita.

Dalilin da ya sa ake gano shi a makare

Rahotannin asibitocin koyarwa na Najeriya sun daɗe suna nuna cewa yawancin masu mayeloma ba sa isa gaban likitan jini sai ciwon ya yi nisa. Dalilan a fili suke. Ciwon baya yakan fara kai mutum kemis, sannan wajen mai maganin sanyi. Idan ƙashi ya karye sai a nufi mai ɗori. Ko a asibiti ma, zaizayar ƙashin baya takan yi kama da tarin fuka na gadon baya, ko ciwon dajin da ya taso daga wani sashe ya bazu zuwa ƙashi. Idan kuwa ƙoda ce ta fara nuna alama, hankali yakan tafi ga hawan jini da ciwon suga, tunda suna cikin waɗanda ke kan gaba wajen lalata ƙoda a ƙasar.

Akwai kuma wani tarko a ɗakin gwaji. 'Yar takardar da ake tsomawa a fitsari domin duba furotin, wani furotin na daban ta fi ganewa, mai suna albumin. Ba ta cika nuna ƙananan sarƙoƙi ba. Saboda haka ana iya ba mutum sakamakon da ke cewa fitsarinsa lafiya lau, alhali yana cike da abin da ke toshe masa ƙoda. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce: duk babban mutumin da ƙodarsa ta gaza ba tare da bayyanannen dalili ba, musamman idan akwai ciwon ƙashi ko ƙarancin jini ko yawan kalsiyam, a bincike shi kan mayeloma ko da takardar ba ta nuna komai ba.

Masana'antu da ruwan Kano

Mazauna yankunan masana'antu sukan danganta ciwon ƙoda da gurɓataccen ruwa, kuma damuwarsu tana da tushe. Dagwalon Bompai yana bi ta rafin Getsi ya haɗu da Jakara har zuwa madatsar Wasai, na Sharada yana bi ta Salanta, shi da na rukunin Challawa kuma suna ƙarewa a kogin Challawa. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun sha auna sinadarai masu guba irin su kuromiyam na majemu da dalma da kadmiyam a waɗannan ruwaye da gonakin da ake ban ruwa da su. An tabbatar a kimiyyance cewa dalma da kadmiyam suna lalata bututun ƙoda idan suka daɗe suna taruwa a jiki.

Game da mayeloma kansa, abubuwan da aka fi tabbatar da alaƙarsu da shi su ne shekaru, da asalin Afirka, da samun ciwon a dangi na kusa, da ƙiba. An kuma sami alamun alaƙa da daɗewa ana mu'amala da maganin ƙwari da sinadarin benzin da ke cikin fetur da wasu ruwan narka fenti da gam, sai dai hujjar ba ta kai ƙarfin wadda ake da ita kan benzin da sankarar jini ta lukimiya ba. Abin da wannan ke nufi ga ma'aikacin Bompai ko Sharada abu biyu ne. Ƙodar da guba ta riga ta raunana ba za ta jure sarƙoƙin mayeloma kamar lafiyayya ba. Sannan tarihin aiki a masana'anta bai kamata ya rufe bincike ba: idan aka yanke cewa sinadarai ne aka tsaya nan, ana iya tsallake ciwon da ke da magani.

Gwaje-gwajen da ke tabbatar da shi

Matakin farko bai fi ƙarfin babban asibiti ba: ƙidayar ƙwayoyin jini, da auna kiriyatinin da ke nuna ƙarfin ƙoda, da auna kalsiyam, da hoton ƙashi. Idan suka nuna alama, sai a yi gwajin rarrabe furotin ɗin jini da na fitsari da lantarki, wanda ke fito da furotin ɗin nan iri ɗaya a fili. Akwai kuma gwajin jini da ke auna ƙananan sarƙoƙin kai tsaye, shi ne mafi amfani idan ƙoda ce ke cikin haɗari, domin da shi ake bin diddigin ko magani yana ci. A ƙarshe ana zuƙo ɗan ɓargo daga ƙashin ƙugu. Idan gurɓatattun ƙwayoyin filasma sun kai kashi 10 cikin 100, tare da ɗaya daga cikin alamomin ɓarna, an tabbatar da ciwon. Wani lokaci akan ɗebi ɗan tsokar ƙoda da allura domin a san ko toshewa ce ko amiloyid.

A Kano, ƙananan asibitoci da na jiha irin su Asibitin Sir Muhammadu Sanusi da ke Yankaba da Asibitin Murtala su ne mafi kusa da talaka, amma jinyar wannan ciwo tana buƙatar likitan jini da likitan ƙoda su yi aiki tare. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana da sassan biyu. Masu karaya ko ciwon gadon baya kuma sukan fara ne da Asibitin Ƙashi na Dala, don haka likitocin ƙashi na cikin waɗanda suka fi samun damar fara zargin ciwon.

Yadda ake magance shi

Likitoci suna ɗaukar gazawar ƙoda a mayeloma a matsayin lamarin gaggawa. Bincike ya nuna cewa farfaɗowar ƙoda ta dogara ne kan yadda aka yi saurin rage sarƙoƙin a jini, musamman cikin makonni uku na farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aikin farko shi ne sauke wa ƙoda nauyi. A dakatar da duk maganin da ke cutar da ita, a yi ƙarin ruwa har fitsari ya kai kusan lita uku a rana, a sauke kalsiyam, a magance duk wata cuta da ta shiga. Yawan ruwan nan sai da sa idon likita, domin idan fitsari ya riga ya tsaya ko zuciya ta raunana, ruwan yana iya taruwa a huhu. Maganin ƙarfafa ƙashi da ake yi ta jijiya shi ma akan rage shi ko a canza shi idan ƙoda ta yi rauni sosai. Raɗaɗi kuma akan rage shi da farasitamol da wasu magunguna masu ƙarfi da likita ke zaɓa daidai da ƙarfin ƙodar.

Aiki na biyu shi ne rufe masana'antar da ke ƙera sarƙoƙin, wato kashe gurɓatattun ƙwayoyin. Ginshiƙin wannan shi ne allurar botezomib, wadda aka fi sani da Velcade, da aka amince da ita a Amurka a 2003, haɗe da dekzametazon. Falalarta ita ce tana aiki da sauri, kuma ba a rage ta saboda raunin ƙoda, ko mai wankin ƙoda ana yi masa. Akan ƙara magani na uku, kamar saikulofosfamayid ko talidomayid. A ƙasashe masu hali ana haɗawa da daratumumab, wanda ya fito a 2015. Lenalidomayid da melfalan kuwa sai an daidaita su da ƙarfin ƙoda, don ta nan suke fita.

Magungunan suna da nasu illoli. Botezomib yakan kawo dindiris da zafi a tafin hannu da ƙafa, kuma yakan tayar da ƙurajen nan masu zafi da ke bin jijiya, shi ya sa ake haɗa shi da maganin rigakafinsu. Dekzametazon yakan ɗaga sukari da hawan jini. Talidomayid yakan sa jini ya daskare a jijiya, kuma yana nakasa ɗan tayi, don haka ba a kusantar da shi ga mai ciki. Wanda ya samu sauƙi kuma yana da ƙarfi, akan yi masa dashen ɓargo daga nasa jikin bayan magani mai ƙarfi, aikin da har yanzu yawancin 'yan Najeriya sai sun fita waje suke samu.

Wankin ƙoda da dashe

Idan guba ta taru a jini, ko ruwa ya cika huhu, ko fitsari ya tsaya, wankin ƙoda ya zama dole. A nan wankin yana riƙe rai ne kafin maganin dajin ya yi aikinsa. An gwada wata matata ta musamman mai manyan ƙofofi da ke kwashe sarƙoƙin daga jini. A gwajin da aka yi a Faransa, wanda aka wallafa a 2017, kusan kashi 57 cikin 100 na waɗanda aka yi wa amfani da ita sun rabu da injin cikin wata shida, a kan kashi 35 na masu matata ta yau da kullum, ko da yake a wata uku bambancin bai taka kara ya karya ba. Gwaji na biyu da aka yi a Birtaniya da Jamus, wanda ya fito a 2019, bai ga wata fa'ida ba. Darasin da ya fi amfani ga Kano shi ne, ko da injin da aka saba da shi, fiye da ɗaya cikin uku sun tsira daga wanki saboda an fara maganin dajin da wuri.

Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, amma ba a gaggauta yi wa mai mayeloma dashe. Muddin ɓargo yana ci gaba da zubar da sarƙoƙi, sabuwar ƙodar ma za ta toshe. Ana duba yiwuwar dashe ne kawai ga wanda ciwonsa ya lafa sosai na tsawon lokaci.

Batun kuɗi

Ƙa'idar wankin ƙoda ita ce sau uku a mako, kusan awa huɗu kowane zama. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta. A tsohon farashi, wata guda yana cin kusan naira 600,000. Ko a sabon farashi ya kai naira 144,000, wato ɗan fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024. Magungunan dajin kuma daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Asusun tallafin masu ciwon daji na tarayya, da aka fara shi, ya tsaya ne kan dajin nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza.

Wannan ne ya sa iyalai da dama ke zuba duk abin da suka mallaka a wanki, har ya ƙare kafin a kai ga gwajin da zai nuna musabbabin. Kuɗin gwajin furotin na jini sau ɗaya ake biya kafin a san inda aka dosa, na wanki kuwa ba ya ƙarewa.

Har yanzu mayeloma ba ya warkewa kwata-kwata ga yawancin masu shi, amma ana danne shi shekaru. A Amurka, kusan mutum shida cikin goma suna raye shekara biyar bayan gano shi. Wanda aka tabbatar yana da ciwon, ana so ya riƙa shan isasshen ruwa gwargwadon umarnin likita, ya nisanci haɗin kemis, ya gaya wa duk ma'aikacin lafiyar da zai yi masa allura ko hoto irin ciwon da yake da shi, kuma ya tuntuɓi likitansa kafin azumin Ramadan, tunda shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. Wanda kuma ya haura shekara 50, yana fama da ciwon baya fiye da wata guda wanda ke tsananta da motsi, ga kasala, ga kumfa a fitsari ko raguwarsa, abin da ya dace da shi shi ne gwajin jini da na ƙoda a asibiti kafin ya sake shan wata ƙwaya.